Ƙaramin Rumbu

Jar akuyata na sayar a Kara,
na cusa kuɗin can ƙasan aljihu,
na nufi layin 'yan waya da rana tsaka.
Shagon Zayyanu bai fi taku uku ba,
fanka ɗaya tana kwashe zafi daga wannan kusurwa
tana juye shi a waccan.

Kwamfuta uku ya jera a kan gilashi.
Ta farko, farashinta ya fi ni tsawo.
Ta biyu, batirinta ya kumbura kamar fanke.
Ta uku ba ta fi faifan rufe ƙwarya ba,
harafi biyu sun goge
a ƙarƙashin yatsun wani da ba zan taɓa sani ba.

"Wagga ita ad daidai da aljihunka," in ji shi,
"amma cikinta kaɗan na.
Talatin da biyu, kuma ita da kanta ta canye rabi."
Na taya, ya ce albarka.
Na ƙara, ya dubi rufi, ya sallama.

Mako uku muna zaman amarci.
Tana hawa kabu-kabu a bayana har Dundaye,
ba nauyi, ba ƙorafi.
Ranar Laraba sai ga jan layi:
babu wuri.

Na share waƙoƙi. Babu wuri.
Na share ƙwallon bara, da hotunan ɗaurin auren Mu'awiya,
har da wanda na yi kyau a ciki.
Abu biyu suka rage masu nauyi:
babi na huɗu na aikin gama karatu,
da muryar Baba, sa'a shida,
wadda na ɗauka a gadon asibiti
da wayar da ta bi shi bayan wata biyu.
Yana lissafa gonakin fadama,
wa aka ba aro, ina iyaka ta tsaya,
yana tari, yana dariyar tarin.

A tasha wani yaro mai tire ya tare ni:
kati mai ɗari da ashirin da takwas,
kuɗin shinkafa da wake kwano ɗaya.
Na ce yau na taki sa'a.
Allah ya so babin na fara zubawa.
Da safe na buɗe, ba harafi ɗaya da na gane,
kamar kaji sun yi tono a kan takarda.

Zayyanu ya ɗaga katin a hasken ƙofa, ya yi dariya har da hawaye.
"Bakin rijiya, zurfin ludayi!"
Ya fito da mai sittin da huɗu, a rufe cikin ledarsa.
"Cika shi hal baki nan gabana,
ka buɗe kowane ɗaya ka gani, kahin ka biya."
Muka zauna har la'asar muna kallon layi yana rarrafe.
Rabi na biya, rabi sai an cire albasa.

Da na ba Inna labari, ba ta ɗago daga tsintar wake ba.
Ta ce kakanka bai taɓa rushe ƙaramin rumbu ba,
wani yake ginawa a gefensa.
Amma iri, ba ya kwana a rumbu:
a gora yake, rataye a ɗaka.

Na sayi filasha guntuwa kamar ƙwayar dabino,
na zuba Baba a ciki,
ta jefa a gwangwanin da take ajiye katin asibiti da zobenta.

Yanzu dare ne, an ɗauke wuta.
Batiri ya ce saura minti arba'in.
Babi na huɗu nake sake ginawa daga ka,
Baba yana magana a kunnena na hagu:
"Daga gindin giginya ka yi gabas..."
Sai tari.
Na dakata da bugu har ya gama.